Tsibirin Robben, Hout Bay ko yawon neman dolfin: wane jirgi za a hau a Cape Town?

Hajiya, barka da warhaka. Tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu zama don kada in amsa miki a tsaitsaye. Kin ce a Disamba za ku Cape Town ta Afirka ta Kudu, ke da maigida da yara uku da Inna, kwana huɗu kacal, kuma lokaci da aljihu ba za su ɗauki fiye da hawan jirgin ruwa biyu ba. An jera miki guda huɗu: jirgin tsibirin Robben inda aka ɗaure Mandela, jirgin da ke fita neman dabbobin teku, na Hout Bay, da na kallon faɗuwar rana. Wanne za a ɗauka, wanne za a bari?

Amsata a taƙaice: Robben da Hout Bay. Amma ki ji dalili, domin wata rana iska ce za ta yi miki zaɓin, ba ni ba.

Bari in fara da iskar, tunda ita ce uwar gida a garin nan. Disamba a can bazara ce, lokacin da mu nan muke fama da hunturu da hazo. Rana tana da tsawo, sai wajen ƙarfe takwas na dare take faɗuwa. Sai dai a watannin nan ne iskar kudu maso gabas take kaɗawa, wadda 'yan gari ke yi wa laƙabi da likitan Cape, wai don tana share ƙurar gari da hayaƙinsa. Alamarta ba ta ɓuya: za ki ga farin gajimare ya kwanta a kan Dutsen Tebur yana zubowa ta gefe kamar an shimfiɗa mayafi. Ranar da kika ga haka, teku ba ta da daɗi. Yawanci da safe ruwan yana kwance, bayan azahar ya fara tashi. Saboda haka duk jirgin da za ki hau, ki nemi na safe. Wannan ƙa'idar ta hau kan dukkansu, in ban da na faɗuwar rana wanda shi ba shi da safiya, kuma wannan ɗaya ne daga cikin abubuwan da nake riƙe da shi da su.

Sannan ruwan kansa sanyi ƙarara ne. Igiyar Benguwela ce ke tasowa da ruwan ƙasan teku ta wannan gefen na Atilantika, shi ya sa ko rana tana ƙona ƙeya a kan tudu, da jirgi ya bar bakin tasha sai ki ji haƙora na neman haɗuwa. Wannan ruwan sanyin shi ke kawo abincin kifi, kifin ya jawo tsuntsaye da manyan dabbobi. Wato abin da zai sa ki rawar ɗari shi ne dai abin da ya tara dabbobin da za ki je kallo.

To, Robben. Shi wannan ba yawon buɗe ido a kan ruwa ba ne, jirgin tamkar mota ne kawai da zai kai ki inda za ki. Yana tashi daga V&A Waterfront, wato tashar jiragen ruwa ta birnin, a ginin da aka sa wa sunan Nelson Mandela kusa da jan hasumiyar agogo. Tsallakawa kan ɗauki daga rabin awa zuwa awa guda, ya danganta da jirgin da kuka samu da yanayin ruwa. Tafiya da zagayawa da dawowa, ki ware awa huɗu. Akwai jirgin da ke tashi ƙarfe tara na safe, kuma shi nake ba ki shawara. Tikiti ta intanet ake saya, a Disamba yana ƙarewa tun da kwanaki, baƙo kuma yana biyan fiye da ɗan ƙasa. Ki riƙe fasfo a jaka. In teku ta yi fushi soke tafiyar ake yi gaba ɗaya, don haka ki sa shi a ranarku ta farko ko ta biyu, yadda in an soke kina da sauran kwanaki na sake gwadawa. Wanda ya ajiye Robben sai ranar ƙarshe, shi ne ke komawa gida da hoton tsibirin daga nesa.

Da kun sauka, bas ce za ta fara zagayawa da ku. Tsibirin a shimfiɗe yake, ba tudu ba kwari, tsawonsa bai wuce kilomita uku da ɗoriya ba. Za a nuna muku maƙabartar kutare, domin daga 1846 zuwa 1931 nan ake jibge masu kuturta. Za a tsaya a ɗan gidan da aka tsare Robert Sobukwe, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, shi kaɗai daga 1963 zuwa 1969, ba a bari ya yi magana da sauran fursunoni, bayan ya riga ya gama wa'adinsa, sai da majalisar Turawa ta yi doka musamman don a ci gaba da riƙe shi. Daga nan sai ramin farar ƙasa inda Mandela da abokansa suka yi shekaru suna fasa dutse. Ki tsaya ki kalli bangon ramin da rana tsaka, ko ta tagar bas ne: farin yana dukan ido har sai kin runtse. Wannan hasken da ƙurar su suka lalata wa Mandela idanu. A bakin ramin akwai 'yar tarin duwatsu. A 1995, da tsofaffin fursunoni suka koma ziyara, Mandela ya ɗauki dutse ya ajiye, sauran suka bi shi kowa da nasa, tarin yana nan har yau.

Sai gidan yarin kansa, a ƙafa. Abin da ya bambanta wannan wurin da kowane gidan tarihi da na taɓa shiga shi ne, da yawa daga cikin masu zagayawa da baƙi a ciki mutanen da aka taɓa ɗaurewa a wurin ne. Dattijo zai tsaya a tsakiyar ɗakin da ya kwana shekaru, ya nuna tabarma da bargo, ya ɗaga allon rabon abinci: baƙar fata ga nasa awon, Ba'indiye da ruwa-biyu ga nasu wanda ya fi yawa. Har burodi ba a ba baƙar fata a farkon lamarin, kuma gajeren wando ake ba shi ko da ya haifi mai gadin. Ɗakin Mandela kuwa, in maigida ya miƙa hannuwansa biyu ya kusa taɓa bango da bango. Shekara 18 ya yi a tsibirin, daga 1964 zuwa 1982, cikin shekara 27 da ya yi a ɗaure, lambarsa 466/64. Walter Sisulu da Govan Mbeki da Ahmed Kathrada duk nan suka zauna. Mutum uku da suka mulki Afirka ta Kudu sun yi zaman wannan tsibirin: Mandela, Kgalema Motlanthe da Jacob Zuma. An mayar da wurin gidan tarihi a 1997, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Akwai wani abu da na san zai taɓa Inna, wanda ba kowane baƙo ke lura da shi ba. Dab da katangar gidan yarin akwai ƙaramin gini fari mai koriyar ƙubba. Hubbaren Sayyid Abdurrahman Moturu ne, wanda Turawan Holan suka koro daga tsibiran Indunusiya, ya rasu a nan a ƙarni na 18. Haka kuma Imam Abdullahi ɗan Ƙadi Abdussalam, wanda Musulmin Cape ke kira Tuan Guru, daga Tidore aka kawo shi a 1780 aka tsare shi a tsibirin. A cikin ɗaurin ya rubuta Alƙur'ani da ka. Da ya fito ya buɗe makaranta, shi ne kuma limamin farko na masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap, wanda aka kafa a 1794, masallaci mafi daɗewa a ƙasar. Duk wanda ya tashi a garin da ake girmama alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ba sai an yi masa dogon bayani ba. In kun dawo daga tsibirin da azahar, Bo-Kaap ba nisa, ku je ku yi salla a can ku ci abinci, halal ba ta wahalar samu a unguwar.

Laifin Robben ɗaya ne: ba wurin ƙananan yara ba ne. Awa huɗu, dogon bayani da Turanci, zama a bas, tsayuwa a ɗaki. Babbar 'yarki mai shekara goma sha uku za ta ƙaru, ba za ta manta ba. Autanki mai biyar kuwa zai fara tambayar yaushe za a tafi tun ba a kai rabi ba. Ki cika masa jaka da biskit. Dabbobi kuma sai dai sa'a ta haɗa ku: akwai tsuntsayen fengwin a tsibirin, ana iya hango dolfin, dabbar teku mai kama da babban kifi, a hanya, amma jirgin ba ya tsayawa don kowa.

Hout Bay kishiyar wannan ce ta kowace fuska. Robben na kai ne da zuciya, Hout Bay na ido ne da hanci. Ƙaramin garin masunta ne, kimanin kilomita 20 daga tsakiyar birni, a bayan dutse. Ana zuwa da tasi, jar bas ɗin nan mai hawa biyu ta masu yawon buɗe ido ma tana bi ta can. Daga tashar masuntan jirage ke fita zuwa tsibirin Duiker, wanda a gaskiya ba tsibiri ba ne, fa ne a tsakiyar ruwa da bai fi filin ƙwallo ba. Zuwa da dawowa minti arba'in ne ko sama da haka kaɗan, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na Robben ba. Ba a sauka, jirgi zai matsa kusa ya yi ta juyi a gefen fan.

Abin da ake zuwa gani dabbar da ake kira sil ce. Ki ɗauka kare ne aka cire wa ƙafafu aka sa masa filafilai, ga gashin baki, ga 'yan kunnuwa ƙanana, ga haushi. Dubbai ne a kan dutsen, wani kan wani, wasu na barci, wasu na faɗa, wasu sun faɗa ruwa suna iyo a rigingine da filafili ɗaya a sama kamar mai gaisuwa daga nesa. A kan dutse kamar buhun da aka yar, a cikin ruwa kuwa ido ba ya iya bin su. Kafin ki gan su za ki ji su. In iska ta juyo ta wajenku, warin kamar kasuwar bandar kifi ce aka haɗa da turken awaki da damina. Na ga wata baiwar Allah ta naɗe hancinta da gyale tana ɗaukar hoto da hannu ɗaya, 'ya'yanta kuwa ko a jikinsu, sai ihu suke suna nuna wani ƙato da ya ture ɗan'uwansa cikin ruwa.

Abin da ya sa na fifita shi a kan jirgin neman dabbobi kalma ɗaya ce: tabbas. Sil ba sa zuwa ko'ina. In dai jirgi ya iya fita, za ki gan su. Ga gajarta, wadda ita ce rahama ga Inna da auta. Sai dai kada gajartar ta yaudare ki. A cikin tasha ruwan lumui yake, amma da jirgi ya zagaya ƙarƙashin dutsen Sentinel, wannan mai tsini da ke gadin bakin gaɓar, sai teku ta nuna halinta. Minti goma ne ko sha biyar na sama da ƙasa, ki zaunar da Inna tun kafin a kai wurin.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa ba. A bakin tashar za ki ga masu kiran sil da guntun kifi, su ce a zo a ɗauki hoto da shi a ba su na goro. Kada yaro ya matsa. A 2024 hukumomin ƙasar sun tabbatar da cutar haukan kare a jikin waɗannan dabbobin, kuma ko ba cuta, haƙoransu na kare ne. A kalla daga nesa, ya isa. In an sauko a nemi soyayyen kifi da dankali a bakin tashar, a gwada wanda suke kira sinuk, yana da ƙaya dogaye amma akwai daɗi. In da sauran ƙarfi, hanyar Chapman's Peak daga nan ta fara, an sassaƙe ta a jikin dutse teku na ƙasa, ana biyan kuɗin wucewa.

Yanzu jirgin neman dabbobi, wanda na san shi ne hotunansa suka fi jan hankalin yara. Daga Waterfront yake tashi, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ya bi ta gaban filin wasan da aka gina don gasar cin kofin duniya ta 2010, ya wuce hasumiyar fitila ta Green Point mai ratsin ja da fari, wadda ke tsaye tun 1824. Ranar da aka dace, babu kamarsa. Akwai wata 'yar ƙaramar dolfin mai suna Hebisaid, baƙi da fari da toka-toka, ba ta kai tsawon namiji babba ba, kuma duk duniya ba a samunta sai a gaɓar yammacin kudancin Afirka, daga nan zuwa kudancin Angola. Da safe takan matso kusa da gaɓa, ta yi ta tsere da hancin jirgi. Akwai fengwin suna iyo, akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai, mola-mola, da ke kwanciya a saman ruwa yana shan rana, babbansa ya fi tan guda. A 'yan shekarun nan kuma, daga wajen Oktoba zuwa cikin bazara, manyan dabbobin wel masu doro sukan taru da yawa suna kiwo a wannan gefen. Yara za su ce kifin Annabi Yunusa ne. Ki gaya musu dai ba kifi ba ne, iska yake shaƙa, kuma uwar nono take ba ɗanta.

Amma duk wannan in an dace ne. Teku ba gidan zu ba ce. Ni da kaina na taɓa biyan kuɗin irin wannan jirgin, ƙaramin nan na roba mai gudu, bayan na cika cikina da ƙwai da shayi mai madara. Awa biyu muna dukan igiya, abin da muka gani sil uku da tsuntsaye, irin sil ɗin da ke kwance kyauta a kan katako cikin tashar Waterfront. Rabin tafiyar kaina na kan gefen jirgi, ba sai na faɗi abin da nake yi ba. Hulata kuma tana can wajen Green Point. Ba laifin matuƙin ba ne, ya faɗa tun a tasha cewa ba ya alkawarin komai. Kuma irin wannan ƙaramin jirgin ba na dattijuwa ba ne, ba na mai ciki ko mai ciwon baya ba, kowace igiya a ƙugu take sauka. In har za ku yi shi, ku nemi babba mai gindi biyu, ya fi zama daram.

In kuwa wel ne ainihin abin da ke ranki, to watan ne bai dace ba. Shahararren wurin kallonsu Hermanus ne, kimanin kilomita 120 daga Cape Town, inda wata irin wel ta kudu ke zuwa haihuwa daga Yuni zuwa Nuwamba, har daga kan tudu ana ganinsu ba sai an hau jirgi ba. Garin har mai shela gare shi, yana busa ƙaho in an hango su. Zuwa Disamba yawancinsu sun koma ruwan sanyi na can kudu. Kada wani ya cinye miki yini guda a kan wannan. Haka zancen babban kifin shak fari mai tsalle da ake nunawa a talabijin: tun wajen 2017 ya yi wuyar gani a False Bay, gaɓar tekun kusa da birnin inda aka saba ganinsa.

Na faɗuwar rana ba zan daɗe a kansa ba. Awa ɗaya da rabi ne, kyan gani kam akwai shi, Dutsen Tebur da dutsen Kan Zaki suna yin ja, fitilun gari na kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Amma an tsara shi ne don masoya da masu shan giya, yawanci kofin giya na cikin kuɗin tikiti, ko da yake in kin ce ba kya sha za a ba ki lemo. Ga kiɗa, ga iskar yamma, ga magariba za ta riske ku a kan ruwa. Wannan faɗuwar ranar dai za ki same ta kyauta daga kan tudun Signal Hill, kina zaune a kan darduma da fulas ɗin shayi. Af, daga kan tudun nan ne ake harba igwa kullum ƙarfe goma sha biyu na rana ban da Lahadi da ranakun hutun gwamnati. Ki gaya wa Inna tun da wuri, kada ta ji ƙara ta fara salati.

Ga yadda zan jera kwanakin da ni ce ke. Rana ta farko, jirgin ƙarfe tara zuwa Robben, azahar a Bo-Kaap. Rana ta biyu ko ta uku, Hout Bay da safe. In yara sun nace sai sun ga fengwin ido da ido, kada ki nema a kan ruwa, ki kai su Boulders kusa da Simon's Town, inda ake tafiya a kan gadar katako tsuntsayen na ƙarƙashin ƙafarki. Sun cancanci a je, domin a 2024 an sa irinsu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. In Inna ta ce ita ba ta hawa teku ko da kuɗi, akwai ƙaramin jirgi da ke zagaya cikin tashar Waterfront na kimanin rabin awa, ruwan ba ya motsi, za ta ga manyan jirage da sil, ta dawo da labarinta ita ma.

Kowa ya tafi da rigar sanyi ko da gari ya yi zafi. Ke da 'yarki ku sa hijabi mai kama fuska ko ku ɗaure gyale da fil, maigida kuma ya cusa hularsa a aljihu kafin a bar tasha. A yi alwala tun a tudu. Karin kumallo ya zama mara maiƙo, a riƙe ɗanyar citta ko alawarta. Mai saurin jiri ya sha maganinsa awa guda kafin hawa, bayan an tambayi mai kantin magani wanda ya dace da yara, domin in zuciya ta riga ta fara tashi ba ya aiki. A cikin jirgi a zauna ƙasa, wajen tsakiya, inda iska ke shigowa, a kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya. Agogonsu kuma yana gaban na Najeriya da awa ɗaya, ki gyara naki tun a filin jirgin sama, don ana rufe ƙofar jirgin Robben kafin lokacin tashi kuma ba a jiran kowa.

Allah ya kai ku lafiya. Ki gaida Inna.